Doguwar tafiya: motar esansi da motar lantarki

Da can, kafin zuwan mota, fatake su ke ratsa ƙasa da raƙuma da jakkai. Kowane ayari yana da madugu. Kafin a ɗaura kaya, madugu ya kan yi ma kansa tambaya biyu. Ta fari: kwana nawa dabbobin nan za su iya yi ba su sha ruwa ba? Ta biyu: ina rijiya ta gaba ta ke? Sai ya san amsa sannan ya tsara zango-zango. Masu zuwa ɗaukar gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma har yanzu haka su ke yi. Tun da ba ciyawa cikin Tenere, da abincin raƙumansu su ke tashi, suna aje dammuna a hanya don ranar komowa.

Direban mota ma tambayoyin nan biyu ya ke yi. Kilomita nawa motata za ta yi kafin abincinta ya ƙare? Ina zan samu wani? Yau a duniya akwai ƙananan motoci iri biyu da ke gasa bisa hanya. Akwai mai shan esansi, wato fetur, wadda kowa ya sani. Akwai kuma mai aiki da wutar lantarki, wadda ba ta da tanki, sai batir. Cikin gari ba a cika ganin bambancinsu ba, don tafiyar gajera ce, kowa ya kan kwana gida. Sai an kama doguwar hanya sannan halin kowace ke fitowa.

Wace ce ta girmi wata?

Mutane da yawa suna tsammani motar lantarki sabon abu ce. Ba haka ba ne. Kusan tare aka haife su.

A watan Agusta na 1888, wata mata Bajamusa, Bertha Benz, ta ɗauki motar da mijinta Carl Benz ya ƙera, ba ta gaya mishi ba. Ta tashi daga birnin Mannheim da asuba, ita da ɗiyanta maza biyu, za ta wurin mahaifiyarta a Pforzheim. Nisan ya ɗara kilomita 100 kaɗan. Ita ce doguwar tafiya ta farko da aka yi da motar mai. A lokacin babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Da mai ya ƙare a garin Wiesloch, sai ta shiga kantin magani ta sayi wani mai da a ke cire datti daga tufafi da shi, ta zuba ma motar. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta zokale shi. Ba su isa ba sai da rana ta faɗi.

Shekara 11 bayan haka, a 1899, wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, ya yi gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, kusa da birnin Paris. Ba a taɓa yin haka da mota ba. Motar tashi kuwa ta lantarki ce. Wajen 1900, a Amurka, kusan mota 1 cikin 3 ta lantarki ce. Ana son ta don ba ta ƙara, ba ta wari, kuma ba sai an juya ƙarfe da hannu kafin ta tashi ba.

To, mi ya kada ta? Nisa. Batiran wancan zamani na darma ne, masu nauyi, ba su riƙe wuta da yawa. Wutar ma sai cikin birni. A 1908 Henry Ford ya fito da mota mai arha, mai shan esansi. A 1912 aka samu dabarar tada inji da lantarki. Aka yi hanyoyi, aka gina gidajen mai bakinsu. Daga nan motar esansi ta mallaki hanya har kusan shekara 100.

Amma ita ma ba ta taɓa cin nisa ita kaɗai ba. A watan Oktoba na 1924, zamanin mulkin mallaka, wani ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën ya tashi daga Colomb-Béchar ta ƙasar Aljeriya. Ya ratsa hamada, ya biyo ta Yamai da Damagaram, ya wuce tabkin Cadi. Ƙarshen tafiyar sai Madagaskar, a 1925. Kafin motocin su tashi, sai da aka tura mutane watanni da dama su jibge mai da kayan gyara wuri-wuri bisa hanyar, kamar yadda masu ayarin gishiri ke aje ciyawa.

Abin da ya maido da motar lantarki bisa hanya shi ne sabon batir na wani ƙarfe marar nauyi da a ke kira litiyom. An fara sai da irin shi a 1991. Shi ne cikin wayar hannu. Batir ɗin mota, tarin ƙananan batira ne ɗaruruwa ko dubbai, an jera su ƙarƙashin mota an haɗa.

Tanki da batir

Esansi da litir a ke auna shi. Wutar lantarki kuwa da kilowat-awa. Ga yadda za a gane ta: dutsen guga na lantarki mai wat 1000, in ya yi awa 1 yana aiki, ya ci kilowat-awa 1. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci haka. Ita ce akwatin ƙidayar wuta na gida ke ƙirgawa.

Cikin litir 1 na esansi akwai ƙarfin da ya kai kilowat-awa 9. A ɗauki mota mai tankin litir 50. Ƙarfin da ke ciki 50 sau 9 ne, wato 450. Nauyin man nan duka bai kai kilo 40 ba. Ƙato guda zai iya ɗagawa. A ɗauki motar lantarki matsakaiciya. Batir ɗinta yana riƙe kilowat-awa 60, nauyinshi kuwa wajen kilo 400 ne, kamar buhun gero 4 manya da mota ke yawo da su kullum, ko batir na cike ko ba ya cike.

Wanda ya ga 450 da 60 zai ce ai an gama magana, tanki ya ninka batir fiye da sau 7. Amma a dakata. Injin esansi mai ɓarna ne. Ƙone mai ya ke yi, kuma yawancin ƙarfin zafi ya ke zama. Duk wanda ya taɓa murfin inji bayan tafiya ya san haka. Cikin litir 4 da aka zuba, wajen litir 1 kawai ke juya tayoyi, sauran ya bi iska ta bututun hayaƙi da tukunyar ruwa. Injin lantarki ba ya ƙone komi. Fiye da kashi 3 cikin 4 na wutar da aka ba shi yana isa tayoyi.

Shi ya sa a tafiyar kilomita 100, ƙaramar motar esansi ta kan sha wajen litir 7, wato ƙarfin kilowat-awa 63, ita kuwa ta lantarki wajen 18 ya ishe ta. Tanki cike ya kan kai mota kilomita 700. Batir cike ya kan kai ta wajen 330. Ratar ta ragu daga ninki 7 zuwa ninki 2. Akwai motocin lantarki masu manyan batira da ke wuce kilomita 500, amma da tsada, kuma da ƙarin nauyi.

Babban bambanci yana wurin cikawa. Tankin litir 50 cikin minti 5 an cika an biya kuɗi. Batir kuwa ya danganta da inda aka jona shi. Makunnin wuta na bangon ɗaki yana ba da wajen kilowat 2. A nan sai mota ta yi awa 30 kafin ta cika. Akwai na'urar da a ke kafa ma mota a gida, mai kilowat 7. Da ita dare guda ya isa. Sannan akwai manyan na'urorin caji mai sauri da a ke kafawa bakin hanya. Su kan ɗaga batir daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 80 cikin wajen rabin awa.

Don mi a ke tsayawa a 80? Mai zuba ruwa cikin tulu, da fari kwararawa ya ke yi. In ruwa ya kusa baki sai ya sassauta. Batir ma haka ne: in ya kusa cika, a hankali ya ke karɓar wuta, don kada ya yi zafi ya lalace. Kashi 20 na ƙarshe na iya cin lokaci kamar na duk wanda ya gabata. Direban da ya san aiki ba ya jira, gaba ya ke yi.

Daga Yamai zuwa Damagaram

A gwada motocin nan biyu bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. In ana yin kilomita 75 a awa, tafiyar awa 12 ce, ban da tsayawa.

Su duka sun tashi da asuba, wannan tanki cike, waccan batir cike. Sun wuce Kure, inda raƙuman dawa su ke, sun wuce Doso. Mai esansi bai ko dubi allurar mai ba. Motarshi na iya kai shi har Maraɗi, kilomita 665, sai dai zai shiga gari da ɗan abin da bai kai litir 4 ba. Mai hankali ba ya haka. A Birnin Ƙwanni ko Madawa zai ƙara mai. Tsayawa guda ta ishe shi. Duk tafiyar zai sha litir 63.

Mai lantarki yana bukatar kilowat-awa 162, batir ɗinshi kuwa 60 ya ke riƙewa. Tilas ya yi lissafi irin na madugu. A ɗauka kowane babban gari na hanyar yana da na'urar caji mai sauri. A Dogon Dutsi, bayan kilomita 275, saura wajen 10 cikin batir. Zangon fari ke nan. Ya jona rabin awa, batir ya koma 48. Ya wuce Birnin Ƙwanni, ya wuce Malbaza da Galmi garin albasa. A Madawa, bayan wasu kilomita 235, saura 6 kawai. Zango na biyu. Daga Madawa zuwa Maraɗi kilomita 155 ne, zai isa da sauran 20. Kada ya ce ai da saura, ya wuce. Gabanshi akwai kilomita 235, ta Tasawa, kafin Damagaram, 20 kuwa ba ta kai shi ko rabi. Zango na uku. Zai shiga Damagaram da ɗan abin da ya rage, wajen 6.

Tsayawa 3, kowace rabin awa, awa 1 da rabi ke nan. Ana iya cewa mai esansi ya riga shi isa da awa 1 da rabi. A takarda haka ne. Bisa hanya kuwa babu ɗan adam da ke tuƙin awa 12 bai sauka ba. Akwai salla, akwai cin abinci, akwai kewayawa, akwai miƙe ƙafa. Masu kula da lafiyar hanya suna gargaɗin direba ya huta bayan kowace awa 2, don gyangyaɗi na kashe mutane. Mai esansi ma zai ɓata wajen awa guda a tsaye-tsayen nan. Mai lantarki yana yin nashi ne lokacin da mota ke shan wuta. In komi ya tafi daidai, abin da ke tsakaninsu bai fi rabin awa ko awa guda ba.

In komi ya tafi daidai ke nan. In ya isa Madawa ya tarar da mota 2 gabanshi, ko na'urar ta lalace, ko an ɗauke wuta, jira ya kama shi, don ba ya da abin da zai kai shi gari na gaba.

Kuma duk wannan lissafi bisa "a ɗauka" aka gina shi. Gidajen mai suna kowane gari na hanyar, ga masu sai da esansi cikin kwalabe har ƙauyuka. Na'urorin caji mai sauri kuwa ba su bazu a Nijar ba tukuna. In makunnin bango kawai direba ya samu, kilowat-awa 102 da ya ke bukata a hanya za su ci mishi awa 51. Tafiyar wuni guda ta koma ta kwana 3. Motar ba ta canza ba, ita ce dai. Abin da ke bakin hanya ne ya canza.

Ba wai ba ta yiwuwa ba ne. Wani ɗan ƙasar Holan, Wiebe Wakker, ya bar gida a 2016 da motar lantarki. Ya ratsa ƙasa 33, ya yi wajen kilomita 95,000, ya isa birnin Sidni na Ostareliya a 2019. Mutane ne su ke ba shi wurin jona mota, da abinci, da makwanci. Ya isa, amma shekara 3 ya yi. Ɗan kasuwar da ke son kai kaya Damagaram kafin ranar kasuwa ba ya da wannan lokaci.

Gudu da iska da zafi

Motar esansi ta fi shan mai cikin gari, inda a ke tsayawa ana tashi, inji na aiki ko mota na tsaye. In ta hau doguwar hanya sai shanta ya ragu. Motar lantarki akasin haka ta ke. Cikin gari, in ta tsaya ba ta cin komi, in direba ya taka birki kuma injin ya kan juye ya zama mai samar da wuta, ya maida ma batir kaɗan. Bisa doguwar hanya ba a cika taka birki ba, ga iska tana tare mota.

Mai keke ya san ƙarfin iska. In gudu ya ninka sau 2, turin iska sau 4 ya ke ninkawa. Duk motocin biyu suna jin wannan, amma mai ɗan guzuri ya fi jin shi. Direban motar lantarki da ya matsa gudu daga Dogon Dutsi ba zai ga Madawa ba. Haka in an labta kaya bisa rufin mota. Haka kuma lokacin hunturu, don mai zuwa Damagaram gabas ya nufa, iskar kuwa daga gabas maso arewa ta ke busowa.

A ƙasashen ƙanƙara sanyi ne abokin gabar batir. Motar esansi tana ɗumama fasinja da zafin injinta, kyauta. Ɓarnarta ta yi rana. Ta lantarki kuwa daga batir ta ke ɗibar wutar ɗumama, sai nisan da za ta yi ya ragu ƙwarai. A Nijar zafi ne abin dubawa. A watan Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Na'urar sanyaya mota tana cin wuta, batir ma sai an sanyaya shi. Zafi mai yawa yana tsofar da batir da wuri, yana kuma rage saurin caji. Motar lantarki inuwa ta ke so.

Kuɗi

A ɗauka litir 1 sefa 500 ne, wato dala 100. Litir 63 sun tashi sefa 31,500. A ɗauka kilowat-awa 1 ta wutar gida sefa 100 ce. Kilowat-awa 162 sun tashi sefa 16,200, wajen rabi ke nan. Wannan shi ne abin da masu motar lantarki ke yabo.

Amma matafiyi ba wutar gida ya ke saye ba. Na'urar caji mai sauri tana da tsadar kafawa, mai ita kuwa riba ya ke nema. A ƙasashen Turai kuɗin wutarta ya kan ninka na gida. In ya zama sefa 200, tafiyar ta tashi 32,400, ta ɗara ta esansi. Arhar motar lantarki tana ga wanda ke yawon gari ya komo ya jona a gida da dare. Bisa doguwar hanya arhar na iya ɓacewa.

Wajen gyara kuwa ta fi sauƙi. Ba ta da buji, ba a juye mata baƙin mai, ƙura ba ta toshe mata matacin iskar inji. Sai dai nauyinta na cin taya.

In abu ya faru a daji

Esansi ya ƙare tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi. Yaron mota ya ɗauki jarka, ya tare mai babur, ba a jima ba ya komo da litir 5. An zuba, an wuce. Mai zuwa Agadas ko Bilma ma da jarkokin mai ya ke tashi. Wutar lantarki ba a ɗibo ta cikin jarka. In batir ya ƙare a daji, sai an nemo babbar mota ta ɗauki motar zuwa inda wuta ta ke.

Gyara ma haka. Kowane gari yana da makanike da ya san injin esansi ciki da waje, ga kayan gyara sababbi da tsofaffi a kasuwa. Batir ɗin motar lantarki yana da ƙarfin bolt 400, wasu har 800, alhali wutar gida 220 ce. Wanda bai koyi aikin ba, in ya sa hannu yana iya mutuwa nan take. Ba ta yawan lalacewa, amma ranar da ta lalace sai gwani. Gwanayen nan kuwa sai an koyar da su. Cikin ƴan makaranta na yau za a same su.

Hayaƙi

Kowane litir na esansi da aka ƙone yana sakin fiye da kilo 2 na iskar karbon, wadda ke ƙara ɗumamar duniya. Tafiyar Yamai zuwa Damagaram kaɗai ta saki wajen kilo 145. Mutanen Sahel sun san abin da rikicewar damina ke jawowa, ko da ya ke ba su ne suka fi ƙona mai ba.

Motar lantarki ba ta da bututun hayaƙi. Amma a tambaya: daga ina wutarta ta fito? In daga injin gazuwal ce, ko daga gawayin ƙasa irin na Anu Araren, hayaƙin yana nan, an dai gusar da shi daga bakin hanya zuwa tashar wuta. In daga rana ce ko madatsar ruwa, sannan ne ta ke da tsabta sosai. Ƙera batir ma ba ya rasa illa. Ana haƙo litiyom a Ostareliya da Cile, ana haƙo kobal a Kwango, inda aka sha samun yara ƙanana cikin ramukan haƙa.

Inda aka haƙa rijiyoyi

A 2024 an sai da motoci masu jona wuta fiye da miliyan 17 a duniya, fiye da rabi a ƙasar Sin. A ƙasar Norwe, cikin arewacin Turai, kusan mota 9 cikin 10 sababbi da aka saya a shekarar nan ta lantarki ce. Abin mamaki, Norwe ƙasar mai ce, tana haƙowa tana sai ma wasu. Ga sanyi, ga duwatsu, ga nisa. Amma kusan duk wutarta daga madatsun ruwa ta ke fitowa, gwamnati ta sauƙaƙa haraji bisa motar lantarki, an kuma jera na'urorin caji bisa manyan hanyoyi. A can mutum ya kan kama doguwar hanya da ita ba fargaba.

A Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin esansi da na gazuwal a 2024. Ba ta da matatar mai, kuɗi masu yawa ta ke kashewa wajen sayo shi daga waje. Tana kuwa da babbar madatsa bisa kogin Nilu, wadda aka yi bukin buɗewa a 2025.

Nijar tana da mai. Daga Agadem a ke haƙo shi, kuma tun 2011 matatar da ke kusa da Damagaram ke tace shi. An gina ta don ganga 20,000 a rana. Duk da haka, a watan Maris na 2025 an yi ƙarancin esansi, motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai. Tankin litir 50 bai amfani kowa ba ranar da famfo ya bushe. Wuta ma tana da nata rauni. Shekara da shekaru yawancin wutar Nijar daga Najeriya ta ke zuwa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, birane sun sha duhu, sai a 2024 aka maido.

A 2022, wajen mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar. A riƙe wannan a rai in ana zancen motar lantarki. Batir cike sau guda, kilowat-awa 60, zai iya riƙe ƙwan aji mai wat 10 har awa 6000. Na'urar da ke zuba kilowat-awa 42 cikin rabin awa tana jan wuta kamar irin ƙwayayen nan 8400 a kunne tare. Ƙaramin gari da wutarshi ke ƙyafta ido ba zai iya ɗaukar wannan ba sai an ƙara mishi ƙarfi. Asibitin da ke haihuwa da fitilar hannu ya riga mota bukata.

Abin da ƙasar ke da shi a wadace shi ne rana. A 2018 an buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza, bakin hanyar da motocin nan biyu suka bi. A 2023 wata mai megawat 30 ta fara aiki a Goru Banda, kusa da Yamai. Faifan rana guda mai wat 400 ya kan ba da wajen kilowat-awa 2 a wuni. Faifai 30 ke nan za su cika batir ɗin mota guda daga safe zuwa marece. Zangon da zai shayar da mota 20 a wuni yana bukatar faifai 600, da manyan batira na aje wuta don masu zuwa da dare, da mai share ƙura daga faifan lokacin hunturu.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi biyu ne madugu da direba ke yi kafin tafiya?
2. A ina Bertha Benz ta sayi mai? Don mi ba ta je gidan mai ba?
3. Tanki ya ninka batir ƙarfi fiye da sau 7, amma sau 2 kawai ya ninka shi nisa. Ku ba da dalili.
4. Don mi mai motar lantarki ya tsaya a Maraɗi, alhali batir ɗinshi da saura?

Lissafi

Daga Birnin Ƙwanni zuwa Tawa, a ɗauka kilomita 120 ne. Litir nawa motar esansi za ta sha zuwa da komowa? Kilowat-awa nawa motar lantarki za ta ci? In ta tashi da batir cike, za ta komo Ƙwanni ba ta jona wuta ba? Faifan rana nawa za su maida mata abin da ta ci cikin wuni guda?

Aiki

Ku tafi tasha ku tambayi direban da ke zuwa nesa: a waɗanne garuruwa ya ke shan mai, sau nawa ya ke tsayawa, minti nawa ya ke yi a kowane wuri. Ku zana hanyarshi cikin littafinku, ku sa alama duk inda motar lantarki za ta bukaci zango.